Yadda Za Ka Kai Ƙarar Gidan Man Da Ya Cuce Ka Har A Saurare Ka

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na karɓar mulki cewa tallafin mai ya ƙare, ba a daina tada jijiyar wuya a gidajen mai ba. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a yawancin jihohi cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a Abuja a watan Yulin shekarar, sannan a watan Oktoban 2024 ta zarce naira 1,000. Fushin jama'a yana da dalili, amma yawanci a kan yaron da ke riƙe da bakin famfo ake sauke shi, alhali shi ba shi da ikon ƙara ko rage ko sisin kwabo. Wanda ke son kukansa ya yi tasiri sai ya fara da rarrabe abu biyu: tsadar da manufar gwamnati ta jawo, da kuma cutar da wani ɗan kasuwa ya yi masa a fakaice da sunan tsadar.

Wannan rarrabewa ita ce ke sa a karɓi ƙara ko a yi watsi da ita. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta bar farashi a hannun kasuwa, don haka in ka je ofishin hukuma ka ce mai ya yi tsada, za a tausaya maka ne kawai a sallame ka. Haka kuma ba kowane bambancin farashi ne zalunci ba. A da akwai asusun da ke biyan dillalai kuɗin dakon mai domin farashi ya zo ɗaya a duk faɗin ƙasa, yanzu kuwa tankar da ta ɗauko mai daga Legas zuwa Sakkwato ko Maiduguri a kan mai saye ake ɗora kuɗin dakonta, shi ya sa farashin Arewa kan ɗara na Kudu. Faɗuwar darajar naira bayan da aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da farashin canjinta a watan Yunin 2023 ita ma ta shiga lissafin. Abin da hukuma ke iya hukunta mutum a kansa shi ne tauye mudu, da sayar da gurɓataccen mai, da ɓoye mai ana cewa babu, da karɓar kuɗi sama da abin da aka rubuta, da kuma haɗa baki tsakanin gidajen mai don tsayar da farashi ɗaya.

Tauye mudu ya fi kowanne yawa, kuma ya fi sauƙin kamawa. Kafin a fara zuba maka mai, ka sauko daga mota ko babur ka duba allon famfon da idonka, ka tabbata lambobin sun koma sifiri, domin wata tsohuwar dabara ita ce a ɗora maka a kan abin da aka zuba wa wanda ya gabace ka. Ka duba farashin lita da ke jikin famfon ka gwada shi da wanda aka kafa a allon bakin titi, sannan bayan an gama ka ninka adadin litar da farashin ka ga ko ya yi daidai da kuɗin da aka karɓa. Wannan zai nuna maka cutar ma'aikaci, amma ba zai nuna maka famfon da aka taɓa cikinsa ba, wanda zai rubuta lita 10 alhali abin da ya fito bai kai ba. Allurar da ke nuna yawan mai a mota ba hujja ba ce, domin ba ta da daidaiton da za a dogara da shi. Abin da ya fi shi ne ka nemi jarkar da aka tabbatar da ma'auninta, ka yi mata alama a daidai lita 5 ko 10, ka saya a cikinta idan gidan man ya yarda, kuma ka maimaita a wata rana dabam domin kada a ce kuskure ne na lokaci ɗaya. Jami'an hukuma idan sun zo da gwangwanin awo na musamman suke gwadawa, gwajinka kuwa amfaninsa shi ne ya ba su dalilin zuwa.

Duk abin da ka gani, ka nemi rasit. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 ta ba ka damar a ba ka shaidar ciniki, ta kuma hana ɗan kasuwa karɓar kuɗi sama da farashin da ya bayyana. Idan an ce babu rasit, biya ta kati ko ta tura kuɗi daga asusunka zai bar maka shaidar rana da lokaci da adadi. Ka rubuta sunan gidan man, da titin da yake, da lambar famfon. Hoto yana da amfani, sai dai gidajen mai sun hana amfani da waya kusa da famfo, don haka ka ja baya kafin ka ɗauka, kada ka ba su abin da za su juya maganar a kanka.

Ɓoye mai yana bukatar haƙuri fiye da haka. Alamarsa sananniya ce ga duk wanda ya taɓa kwana a layi: ana jin raɗe-raɗin ƙarin farashi sai a rufe ƙofa, ko a bar famfo ɗaya yana aiki cikin shida, alhali 'yan bumburutu a gefen titi jarkokinsu cike suke. Ka lura da ranar da tanka ta sauke mai da lokacin da aka ce ya ƙare, domin tankar da ta zo da dubban litoci ba za ta ƙare cikin sa'a biyu da famfo ɗaya ba. Gurɓataccen mai kuma, irin wanda ya lalata motoci da dama a watan Fabrairun 2022 saboda yawan sinadarin metanol, hujjarsa ita ce samfurin man a kwalba mai tsabta da murfi, tare da rasit da bayanin bakanike a rubuce.

Daga nan sai ka koma wurin manajan gidan man tukuna, cikin ladabi, ka gabatar da abin da ka gani. Wani lokaci a nan maganar ke mutuwa a cika maka manka, in kuma ya ƙi, ka ƙara samun abin faɗa. Batun awo da ingancin mai da ɓoyewa na NMDPRA ne, hukumar tarayya mai sa ido kan tacewa da rarraba man fetur, wadda ta gaji aikin tsohon sashen kula da albarkatun man fetur (DPR) a wannan fanni, kuma ita ce ke ba gidajen mai lasisi take kuma da ikon rufe su. Batun karɓar kuɗi fiye da farashin da aka rubuta da haɗa baki na FCCPC ne, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya, wadda ke karɓar koke ta shafinta na intanet. Dokarta ta ambaci farashin da ya fito fili cewa zalunci ne, amma tabbatar da wannan yana da wuya ga mutum ɗaya, gara ka tsaya kan abin da za a iya aunawa. Wasu jihohi, kamar Kano, suna da tasu hukumar kare masu sayayya, kuma sau da yawa ta fi kusa da kai.

Takardar koken ta zama gajera: abin da ya faru, da ranar, da wurin, da hujjar da ka haɗa, da abin da kake nema a yi. Ka cire zagi da maganar jam'iyya, ka kai kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. A ganina koken ƙungiya ya fi na mutum ɗaya nauyi nesa ba kusa ba, domin idan reshen 'yan adaidaita-sahu ko na direbobin tasha ya kawo rasit ashirin daga gida ɗaya, da wuya jami'i ya tura takardar ƙarƙashin tebur. Ka yi hattara da wallafa sunan gidan mai a Facebook kafin hukuma ta auna, saboda zargin da ba ka iya tabbatarwa zai iya komawa ƙarar ɓata suna a kanka.

Sauran fushin, wanda ya shafi manufar kanta, wurinsa dabam ne. A watan Janairun 2012 yajin aiki da zanga-zanga sun sa gwamnatin Goodluck Jonathan ta sauko da lita daga naira 141 zuwa 97, amma zanga-zangar watan Agustan 2024 ta ƙare da asarar rayuka da dokar hana fita a Kano da wasu jihohi ba tare da farashi ya sauko ba. Abin da ɗan ƙasa zai iya bi a rubuce shi ne kuɗin: kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafin, kuma ana wallafa alƙaluman rabon duk wata. Ka nemo na jiharka, ka rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarka kana tambayar nawa aka kashe a kan motocin sufuri masu rahusa, ka kuma aika kwafin wasiƙar ga gidan rediyon garinku. Idan mako biyu suka wuce ba amsa, ko daga gare shi ko daga hukumar da ka kai wa ƙarar gidan mai, ka koma da kwafinka mai hatimi ka tambayi jami'in da aka miƙa wa takardar.