Yadda ake daidaita jet na kafireta a babur mai ƙafa huɗu bayan an ƙara masa ƙarfi

Da zarar ka sa salansa mai buɗaɗɗen baki, ko filtar iska mai saurin numfashi, ko ka cire murfin akwatin iska, injin babur mai ƙafa huɗu (ATV) zai riƙa zuƙar iska fiye da da, kafireta kuwa tana nan tana ba da man da aka auna mata tun daga kamfani. Sai injin ya shiga yunwar mai. Wannan yunwa ita ce abin tsoro, domin tana haifar da zafin da ke ƙona bawul, ko ya narkar da kan fistin. Yawan mai ba ya wuce ya baƙanta fulogi, ya sa babur nauyi. Saboda haka in za a yi kuskure, gara a yi shi ta ɓangaren yawan mai.

Kafin ka taɓa jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da ke auna man da kafireta ke bayarwa, ka tabbata ba wata cuta ce ke ɓoye ba. Robar da ke haɗa kafireta da injin idan ta tsage, iska na satar hanya ta shiga, kuma babu girman jet da zai gyara wannan. Ka duba tazarar bawul, ka auna tsayin fulot, wato abin da ke iyo a kwanon kafireta yana tsayar da mai, da abin da littafin babur ya faɗa, ka wanke kafireta, ka sa sabon fulogi da sabon fetur. Filtar soso kuma a shafa mata mai daidai, don idan ya jiƙe ta sosai sai ta toshe iska, ta yaudare ka.

Kafireta ba abu guda ba ce, hanyoyi uku ne suke karɓeɓeniya gwargwadon buɗewar totur. Ƙaramin jet da sukurun daidaitawa su ne ke riƙe da silo har zuwa kwatan totur. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu aikin allura ne. Daga nan zuwa ƙarshe babban jet ne. Ka lura, buɗewar totur ce ma'auni, ba gudun injin ba. Ka manna salatif a jikin totur ɗin babban yatsa, ka yi alamar kwata, rabi da ƙarshe, don ka san daidai inda matsala take fitowa.

A fara da babban jet, domin duk man da allura ke aunawa ta cikinsa yake bi. Ka kashe mai, ka tsiyaye kwanon da ke ƙasan kafireta, ka kwance shi. Sukurorin kwanon galibi na tsarin Japan ne, sukundireba na yau da kullum na cinye kansu, sai a danna da kyau kafin a juya. Ka karanta lambar da ke jikin jet ɗin. Lambobin kamfanonin da ke ƙera jet, wato Keihin da Mikuni da Dynojet, ba ɗaya ba ne, 150 na wannan ba 150 na wancan ba ne, don haka ka tsaya kan iri guda. Na Keihin suna hawa kamar 150, 152, 155, 158, 160. Na Mikuni masu zagayen kai suna hawa da biyu da rabi: 140, 142.5, 145. Idan salansa kaɗai ka canja, mataki ɗaya ko biyu kan isa. Idan har da filta da buɗe akwatin iska, ka fara da mataki uku ko huɗu sama, ka riƙa saukowa. Jet farin ƙarfe ne mai laushi, ɗaurin hannu ya ishe shi, kuma kada a tsokane raminsa da waya.

Ka bari injin ya yi zafi sosai, kamar minti 10 na tafiya, sannan ka sami fili mai tsawo ka buɗe totur duka a babbar giya. Idan mai ya yi yawa, injin zai riƙa sarƙewa yana ɓaɓɓaka, ya ƙi hawa ƙarshen gudunsa. Idan ya yi kaɗan, sautin zai yi kaifi amma babu ja, wani lokaci ya riƙa yankewa. Ga gwaji mai kyau: kana kan cikakken totur sai ka ɗan sassauta kaɗan. In babur ya ƙara ja a wannan lokacin, jet ɗin ya yi ƙanƙanta. Dabarar da ta fi aminci ita ce ka hau har injin ya fara sarƙewa, sannan ka sauko mataki ɗaya.

Fulogi shi ne shaidarka. Da sabon fulogi, ka yi gudu a cikakken totur na daƙiƙa 15 zuwa 20, ka kashe injin da maɓallin kashewa ba tare da ya koma silo ba, ka kama kuloci in akwai, ka tsaya. Ka haska can gindin farin tangaran ɗin, ba bakinsa ba. Ruwan ƙasa mai haske shi ake nema. Fari fat yunwa ce, baƙin toka busasshe yawan mai ne, baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawowa, ba laifin jet ba. Fetur na zamani ba ya saurin rina tangaran, shi ya sa mai na'urar auna iskar salansa ya fi samun gaskiya: a cikakken totur ana neman iska kashi 12.5 zuwa 13 a kan kashi 1 na mai.

Sai allura, inda ake yin mafi yawan tuƙi. Tana da tsagogi a samanta da ɗan kilif. Idan ka sauko da kilif ƙasa, allurar ta ɗagu, mai ya ƙaru. Idan ka hau da shi, mai ya ragu. Mutane da yawa suna juya wannan a kansu. Tsaga ɗaya ake matsawa a lokaci guda. Allurar da ba ta da tsagogi, ana sa mata siririyar wosha mai kauri kamar rabin milimita a ƙarƙashin kanta. Ka riƙe rabin totur: in babur yana fizga yana saki, mai ya yi kaɗan.

Ƙaramin jet ne na ƙarshe. A injin mai bugu huɗu, sukurun daidaitawa galibi yana ɓangaren injin, kwance shi na ƙara mai. A mai bugu biyu galibi yana ɓangaren filta, kwance shi iska yake ƙarawa. Ka ɗaure shi a hankali har ya zauna, ba da ƙarfi ba don bakinsa na karyewa, ka kwance zagaye 2, sannan ka riƙa juya kwata-kwata kana sauraron inda silo ya fi tashi da tsabta. A mai bugu huɗu, in sai ka wuce zagaye 3, ka hau jet ɗaya, misali daga 42 zuwa 45. In ƙasa da zagaye 1 ne, ka sauko. Silo da ke maƙalewa sama kafin ya sauko, da harbin salansa idan an saki totur, alamun yunwa ne a nan, amma ka duba gaskit ɗin bakin salansa tukuna, don yoyon iska ma na sa harbi.

Abu ɗaya za ka canja kafin kowane gwaji, ka rubuta lambar jet, tsagar kilif, zagayen sukuru da yanayin ranar. Iskar sanyi ta fi kauri, tana neman ƙarin mai, ta kan tsauni kuma ta fi sirantaka, tana neman ragi. Babur ɗin da aka daidaita a tsakiyar zafi, in sanyi ya shigo, a sake duba fulogi kafin a buɗe masa totur duka.