Yadda nake zaɓa da ɗaura madubin saiti a bindigar farauta

Kakana mafarauci ne a ƙasar Katsina, da adaka ya yi farautarsa har ya tsufa, kuma bai taɓa ganin madubin saiti da idonsa ba. Ni kuma Allah ya kawo ni jihar Ohio ta Amurka, inda nake aikin tuƙin babbar mota, kuma duk ƙarshen Nuwamba nakan ɗauki hutu in shiga dajin Wayne da ke kudu maso gabashin jihar neman barewa. 'Yan'uwa da ke nan suna yawan tambayata wane madubi za su saya, ya ake ɗaura shi, me za a ƙara wa bindiga. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani, ga wanda ya riga ya yi karatun mafarauta, ya karɓi lasisinsa da takardar izinin harbin barewa, ya mallaki bindigarsa ta hanyar doka.

Bari in fara da abin da ya koya mini hankali. Shekarar da na fara, na sayi wani madubi mai araha a intanet, hotonsa ya fi na kowa kyau, an rubuta yana kusanto da abu har ninki 24. Na ɗaura shi da kaina, na gwada sau biyu, na ga kamar ya yi. Ranar farauta barewa ta tsaya mini a yadi 70, na yi bisimilla na harba, harsashi ya same ta a ciki maimakon bayan kafaɗa. Muka bi jini ni da wani dattijo maƙwabcina tun la'asar har dare ya yi, ba mu same ta ba. Washegari a filin gwajin harbi muka gano saitin ya goce da kusan taƙi guda, domin cikin madubin yana motsi duk lokacin da bindiga ta buga. Har yau dabbar nan tana raina. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da kyautatawa har a wajen yanka, kada a wahalar da abin yankan. Tun daga ranar, duk abin da zan ƙara wa bindigata sai na tambayi kaina ko zai sa harbi ɗaya ya wadatar.

Idan ka je saye za ka ga lambobi a jikin kwali, misali 3-9x40. Biyun farko ƙarfin kusantowa ne, daga ninki 3 zuwa ninki 9. Na ƙarshe faɗin gilashin gaba ne, milimita 40. Sabon shiga yakan ɗauka mafi girman lamba shi ne mafi kyau. A dajin Ohio ba haka ba ne. Bishiyoyi a cushe suke, yawancin barewar da na samu ba ta wuce yadi 100 ba. Bugu da ƙari dokar jihar, tun 2014 da ta yarda da raifil a farautar barewa, ta taƙaita ne ga harsasai masu miƙaƙƙen kwanso, irin su .350 Legend da kamfanin Winchester ya fitar a 2019, wanda nake amfani da shi. Waɗannan ba na harbin nesa sosai ba ne. To me za ka yi da ninki 24? Idan ka ƙure ƙarfin madubi, filin da kake gani yakan tsuke, barewa ta taka sau biyu ka neme ta ka rasa, kuma duk rawar da hannunka ya yi sai ta ninku a idonka. Nawa madubin 2-7x33 ne, kuma kusan kullum a kan 3 nake barin sa.

Akwai wani lissafi da dattijon nan ya koya mini. Raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin kusantowa, abin da ya fito shi ne faɗin hasken da ke isa idonka. Madubi mai milimita 40 a kan ninki 9 yana ba ka milimita 4 da ɗan wani abu, a kan ninki 4 kuma milimita 10. Wannan yana da amfani domin doka ta ba da damar harbi daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 30 bayan faɗuwarta, kuma daidai lokacin ne barewa ta fi fitowa kiwo. Idan gari ya fara duhu, ka rage ƙarfin, za ka ga hoton ya washe.

Ka duba a tabbata an cika cikin madubin da iskar naitirojin ko agon an toshe, don kada ya yi hazo ta ciki idan ka fito daga mota mai ɗumi zuwa cikin sanyi. Ka duba tazarar ido, wato nisan da idonka zai tsaya daga gilashin baya ka ga cikakken hoto. Kada ta gaza inci 3, inci 4 ya fi. Idan ta yi kaɗan, bugun bindiga zai sa bakin madubin ya tsaga maka gira, na ga wanda aka yi wa ɗinki saboda haka. Sannan ka saya a shagon da za ka iya komawa. Kamfanoni irin su Leupold da Vortex suna ba da garanti na tsawon rayuwar kaya, amma akwai jabun kayansu a kasuwar intanet, kuma jabu ba shi da garanti. Araha ba ta ado.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne zobban da ke riƙe madubin. Mutum ya kashe dala ɗari uku a madubi, ya ɗaura shi da zobban dala goma. Bututun madubi yawanci iri biyu ne, inci 1 ko milimita 30, kuma dole zobba su zama na awon. Layin ƙarfen da ke bisa bindiga shi ma iri biyu ne, Picatinny da Weaver. Tsagin Picatinny ya fi faɗi, don haka zoben Weaver yakan zauna a kansa, amma zoben Picatinny sau da yawa ba ya shiga tsagin Weaver. Ka ɗauki zobba mafi gajarta da za su bar gilashin gaba bai taɓa bututun bindiga ba kuma sakata, wato ƙarfen da ake ja a ɗura harsashi, tana buɗewa ba tare da ta gogi madubi ba. Idan madubi ya yi sama da yawa, kumatunka zai bar jikin ƙotar bindiga, kanka ya riƙa yawo.

Yanzu ɗaurawa. Kafin komai, ka cire gidan harsashi, ka buɗe sakata, ka leƙa ciki da ido, ka sa yatsa ka tabbatar babu komai. Ka kai harsasan wani ɗaki. Kada ka ce ai ka san babu, ka duba.

Ka goge mai daga notuna da ramukansu. Ka ɗaura ƙasan zobba, ka tura kowanne gaba har ya tokari tsagi kafin ka ɗaure, domin can bugun bindiga zai tura shi. Ka kwantar da madubi, ka rufe da saman zobba, amma ka bar su sako-sako yadda zai iya zamewa. Sai ka saka rigar sanyin da za ka shiga daji da ita. Wannan kada ka raina shi: kaurin riga yana canja inda idonka zai tsaya, wanda ya daidaita madubi da singileti a watan Agusta zai sha mamaki a Disamba. Ka kai madubin ƙarshen ƙarfinsa, ka rufe ido, ka ɗora bindiga a kafaɗa yadda ka saba, sannan ka buɗe ido. Idan ka ga baƙin zobe ya kewaye hoton, matsar da madubin gaba ko baya, kada ka matsar da kanka. Maimaita har sai hoto ya cika da zarar ka buɗe ido.

Daga nan ka daidaita gicciyen auna da ake gani a cikin madubin ya miƙe. Ni nakan rataya zare da nauyi a ƙarshensa a jikin bango, in sa ƙaramin ma'aunin lebur a kan bindiga, in juya madubi har layin tsaye ya hau kan zaren. Sai ɗaure notuna, kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai waccan, kamar yadda ake ɗaure tayar mota, har gibin da ke gefen zobe biyu ya zo daidai. A nan ka sayi sukundireba mai awon ƙarfi. Yawancin zobba tsakanin inci-fam 15 zuwa 18 na awon ƙarfin ɗauri suke so, amma ka bi abin da aka rubuta a takardar naka. Ɗaurin ƙarfin tsiya yana matse bututu ya lalata cikin madubi. Ƙarshe ka kalli farin bango ko sama, ka juya zoben daidaita gani da ke jikin madubin, kusa da ido, har gicciye ya fito tar da kallon farko.

Saiti sai a filin gwajin harbi, da abin toshe kunne da tabarau, bindiga a kwance kan jakar yashi. Ka fara a yadi 25. Idan bindigarka mai sakata ce, zare sakatar ka leƙa ta cikin bututu har ka ga tsakiyar takarda, sannan ba tare da ka motsa bindiga ba ka juya maɓallan madubi har gicciye ya zo wurin. Wannan zai sa harbinka na farko ya sami takarda. Ka koma yadi 100 ka yi harbi uku a natse, ka ɗauki tsakiyar ramukan uku, kada ka bi rami ɗaya. A yawancin madubai kowane ƙas na maɓalli yana matsar da harsashi rubu'in inci a yadi 100. Idan ramukan sun sauka inci 3 ƙasa, inci 2 hagu, sai ka yi ƙas 12 sama, ƙas 8 dama. A yadi 50 adadin ninkawa yake, a yadi 25 kuma sau huɗu. Ka bar bututu ya huce tsakanin zagaye, kuma ka yi saitin da ainihin harsashin da za ka yi farauta da shi, domin canjin nauyi ko kamfani yana canja inda zai sauka.

Abu guda da ba na sassauci a kansa: madubin bindiga ba na leƙe ba ne. Idan ka ji motsi a cikin ganye, ka ɗaga madubin hangen nesa da ke wuyanka. Duk abin da ka kalla ta madubin saiti, bakin bindiga ka nuna masa, kuma a makon farauta daji cike yake da mutane, shi ya sa ma doka ta wajabta mana riga mai launin lemo.

Sauran kayan ba su da yawa. Maratayi mai faɗi wanda ba ya zamewa daga kafaɗa, murfin gilashi, ƙyallen goge tabarau, akwati mai kwaɗo don mota, da akwatin ƙarfe a gida wanda makullinsa ba ya barin jikina, domin ina da yara uku. Kunamar bindiga kuwa ban taɓa ta da kaina ba. Masu son a sassauta ta su kai wa maƙerin bindiga mai lasisi, kuma su tuna yatsan da sanyi ya ƙame cikin safar hannu ba ya jin nauyin da yake sakawa. Ƙaramar bindiga ba na riƙewa, amma wanda zai saya mata kube ya nemi wanda aka ƙera wa samfurin tasa, mai tauri, wanda ya rufe kunama ruf, kuma ko an kifa shi ba ta faɗowa. Dukawanmu sun san wannan tun dā, kowace wuƙa da kubenta.

'Yan'uwa a gida kan roƙe ni in saƙo musu madubi a cikin kaya. Ba na yi, kuma kada ka yi. Fitar da madubin bindiga daga Amurka sai da izinin gwamnati, a Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 tana nan, ko adaka sai da lasisin kwamishinan 'yan sanda.

Makon farautar bindiga a Ohio yana farawa ne ranar Litinin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Asabar ɗin da ta gabace shi nakan duba kowane noti da sukundireba, in je fili in yi harbi uku a yadi 100, ko da ban taɓa bindigar ba tun bara. Idan ta faɗi ko ta bugi wani abu a daji, nakan sauke harsashi in koma fili kafin in sake auna dabba.