Yadda ake karanta tarihin ɗagowar ƙasa daga dakalin teku

A wasu gaɓoɓin teku, ƙasa kan hau matakala-matakala daga bakin ruwa zuwa tudu. Kowace matakala tsohon bakin teku ce. Igiyar ruwa ce ta sare dutse ta shimfiɗa shi, ko kuma murjani ya yi gini a wurin, daga baya ƙasa ta ɗago ta fitar da shi daga ruwa. Irin wannan shimfiɗa ita za mu kira dakalin teku. Dakalin ba ya faɗin komai sai an san abu uku: tsayinsa a yau, shekarunsa, da inda ruwan teku yake lokacin da aka sare shi.

A fara da taswira. Da hotunan sama ko ma'aunin LiDAR, mai auna tsayin ƙasa da hasken leza, ake bin kowane dakali a tsawon gaɓa, a kuma yanka layukan awo da yawa daga teku zuwa tudu. Layi ɗaya ba ya isa, domin dakali kan karkata, kuma karkatar tana nuna inda tsagar ƙasa take da gefen da ya fi ɗagowa.

Wurin da ake aunawa shi ne kusurwar baya, inda shimfiɗar ta haɗu da gindin tsohuwar gangara. Nan ne ruwa ya taɓa tsayawa. Gefen gaba ba abin dogaro ba ne, zaizaya ta riga ta ci shi. Matsalar ita ce kusurwar kusan kullum a binne take ƙarƙashin ƙasa da tsakuwar da suka gangaro daga sama, wani lokaci kaurin mita da dama. Wanda ya ɗora na'urar GPS a kan wannan tarin ya ƙara wa dakalin tsayin da ba nasa ba. Sai a nemi kwazazzabo ko bakin rafin da ya yanka wurin ya fito da dutsen asali, ko a haƙa rami. In hakan bai yiwu ba, a zana layin shimfiɗar da layin gangarar a miƙa su har su haɗu. Manhajar TerraceM don wannan aiki aka yi ta. Awon kuma a ɗaure shi da matsakaicin tsayin ruwan teku na wannan gaɓar, a yi la'akari da cikowa da janyewar ruwa.

Sai shekaru, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Murjani ya fi komai kyau, ana auna sinadaran yuraniyom da toriyom da ke cikinsa, domin na farkon kan rikiɗe ya koma na biyun a hankali. Amma a ɗauki wanda yake tsaye a inda ya tsiro, domin ɓaraguzan da guguwa ta watso ba su nuna matsayin ruwa. A kuma gwada shi a ɗakin bincike: ƙashin murjani ma'adinin aragonait ne, in ruwan sama ya juya wani sashe ya koma wani ma'adinin da ake kira kalsait, yuraniyom ya shiga ko ya fita ke nan, shekarun sun lalace. Kabon 14 na aiki kan ƙwanson dabbobin ruwa, sai dai bai wuce kimanin shekara 50,000, kuma yana buƙatar gyara, domin kabon teku kan sa abu ya yi kamar ya girmi shekarunsa da kusan 400. Inda yashi kaɗai ake da shi, ana buga bututu a bangon rami a toshe bakinsa biyu, don a auna tun yaushe yashin ya rabu da hasken rana. Haske ya taɓa shi, samfurin ya tashi aiki.

Lissafin kansa ba shi da wuya. A cire tsayin tekun wancan zamani daga tsayin dakalin, a raba da shekarunsa. Dakalin da aka fi jingina da shi shi ne na kimanin shekara 125,000 da suka wuce, lokacin da wani sashe na ƙanƙarar duniya ya narke har teku ta fi ta yau da mita 6 zuwa 9. A misali, kusurwa tana mita 131, an ɗauki mita 6: saura 125, a raba da 125,000, ya ba da milimita 1 a shekara. Daga nan a gwada amsar da dakalan kimanin shekara 100,000 da 80,000. In ba su faɗa inda lissafi ya nuna ba, ko dai an ba wani dakali shekarun da ba nasa ba, ko saurin ɗagowar ya canza a tsakani. Ƙirga matakalu kawai daga ƙasa zuwa sama yaudara ce, saboda teku mai tasowa kan shafe tsohon dakali gaba ɗaya.

Misalai biyu sun nuna faɗin abin. A tsibirin Barbados ɗagowar ba ta kai rabin milimita a shekara ba. A zirin Huon na Papuwa Niu Gini, wanda masanin ƙasa John Chappell ya yi nazarinsa a shekarun 1970, ta kai kusan milimita 3, har dakalin shekara 125,000 ya hau kusan mita 400.

Kada a ɗauka matsakaicin nan yana nufin ƙasa na tafiya sannu a hankali. Girgizar ƙasa ta 1855 ta ɗaga gaɓar Turakirae a Niu Zilan sama da mita 6 a tashi ɗaya. Ta shekarar 365 ta ɗaga yammacin tsibirin Kirit na Girka har kusan mita 9, ta bar tashar jiragen ruwa ta Falasarna a kan tudu. A zirin Boso na Japan, girgizar 1703 da ta 1923 kowace ta bar matakalarta. Ƙananan dakalai irin waɗannan su ake sa wa kabon 14 don gano tazarar da ke tsakanin manyan girgiza.

Gyara na ƙarshe shi ne na nauyin ƙanƙara. Inda ta taɓa danne ƙasa, kamar Kanada da Suwidin, ƙasar tana ci gaba da tasowa tun bayan narkewarta, kuma hakan kan taɓa matsayin teku har a gaɓoɓi masu nisa. Dole a cire wannan kaso kafin a jingina ragowar ga motsin farantan ƙasa, wato manyan sassan ɓawon duniya.