Yadda Ake Aiki da Etorphine a Gidan Namun Daji

Etorphine, wanda ake sayarwa da sunan M99, shi ne maganin da likitocin dabbobi ke ɗurawa a kibiyar allura domin kwantar da giwa ko karkanda. Ƙarfinsa ya ninka na morphine, maganin kashe zafin ciwo mai tsanani, fiye da sau 1,000, har ɗigon da ya shiga ido, baki ko rauni yana iya tsayar da numfashin mutum cikin mintoci.

Saboda haka, kada likita ya buɗe kwalbar shi kaɗai. Wajibi ne wani da ya iya farfaɗo da numfashi ya tsaya kusa, riƙe da makarin, wato naloxone ko naltrexone. A sa safar hannu da tabarau, kuma kada a tura iska cikin kwalbar yayin zuƙa, domin matsin yakan feso maganin a fuska. Idan ya taɓa fata, a wanke da ruwan sanyi mai yawa. Idan allura ta soki mutum, a yi masa makarin nan take a garzaya asibiti, domin naloxone yana saurin barin jiki, sai an maimaita.

Kibiyar da aka zare tana nan da dafinta, don haka a jefa ta a akwati mai murfi, a kulle kwalbar, a rubuta adadin da aka zuƙa.