Kurakuran da baƙin 'yan kasuwa ke yi da sunan kayansu a Chana

Wani abokina da muke layi ɗaya a kasuwar Sabon Gari ya yi shekara huɗu yana zuwa Guangzhou ana buga masa fitila mai caji da sunan da shi ya ƙirƙira da kansa, sunan ya karɓu har masu talla a bakin titi da shi suke kiran fitilar, sai ranar da ya ce zai canza masana'anta saboda sun fara sa masa batir mara kyau, nan aka zaro masa takarda wai ai tuni mai masana'antar ya yi wa sunan rajista a can. Kwastan ɗinsu suka riƙe kwantena wai kayan jabu ne. Kayansa fa, da kuɗinsa. Yana ba ni labarin yana ta juya cokali a kofin shayi har ya huce bai kurɓa ba.

Babban kuskuren shi ne mutum ya ɗauka tunda shi ya fara amfani da suna to nasa ne. A Chana galibi wanda ya riga kai takarda shi ke da suna, ba wanda ya fara sayarwa ba. Kuma kar ka ce don mu ƙanana ne, Apple da kansu sai da suka biya kamfanin Proview dala miliyan 60 a 2012 kafin su samu sunan iPad a ƙasar, Michael Jordan kuwa ya shigar da ƙarar kamfanin Qiaodan Sports kan sunansa na Sinanci a 2012 bai ga haske ba sai 2016 a kotun ƙoli, shi ma ba duka ya ci ba. Maganin ba wuya, kafin ka tura wa kowa zanen kwali ko tambari ka nemi wakili mai lasisi a can ya shigar maka da sunan a CNIPA, hukumar Chana mai rajistar tambarin kaya, rajistar tana shekara 10 ana sabuntawa. Dan Allah kar ka bar mai masana'anta ko tafintan da ke raka ka kasuwa ya ce "bari in yi maka", da sunan wa zai yi?

Sai masu cewa ai na yi CAC. Malam CAC sunan kamfani ne, rajistar tambarin kaya ofishinta daban a Abuja ƙarƙashin ma'aikatar ciniki, kuma ko ita ka yi iyakarta Najeriya, ba ta bin ka ƙetare boda. Najeriya ba ta cikin tsarin Madrid da ake shigar da takarda ɗaya ta kama ƙasashe da yawa, dole ƙasa-ƙasa za ka bi. Abin da zai taimake ka shi ne yarjejeniyar Paris, in ka shigar a gida kana da wata 6 ka shigar a can a lissafa maka daga ranar farko. Mutanenmu na Nijar da Kamaru da Chadi su kam sun huta ta wani gefen, rajista ɗaya a OAPI, ofishin rajistarsu na haɗin gwiwa da ke Yawunde, ta kama ƙasashe 17, amma ita ma ba ta kai Chana ba.

Wanda zai sayar a cikin ƙasar kuma ya manta da sunan Sinanci, to masu saye za su raɗa wa kayan suna da bakinsu wani ya ruga ya yi rajistarsa. Kamfanin takalma New Balance sun sha wannan, a 2015 kotu a Guangzhou ta ce su biya yuwan miliyan 98 kan sunan Xin Bai Lun da wani ya riga su rajista, da aka ɗaukaka ƙara aka rage zuwa miliyan 5. Haka batun rukuni, kaya da ayyuka rukuni 45 ne kuma Chana ta ƙara yanka su ƙanana, rajistar takalmi ba ta kare maka jaka, kamfanin Muji na Jafan sun rasa sunansu na Sinanci a kan tawul da zanen gado ta wannan ƙofar. In kuma ka yi rajista ka ajiye shekara 3 ba ka amfani da ita wani zai iya neman a soke, don haka riƙe rasit da takardun lodi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kwangila. Mutum zai zuba dala dubu 50 amma duk yarjejeniyar a hirar manhajar WeChat take, ko wata takarda da Turanci da aka sauko da ita daga intanet. A rubuta da Sinanci, a sa cikakken sunan kamfanin yadda yake a lasisinsu, a buga jan hatimin nan nasu mai zagaye, a faɗi kotun da za a je a cikin ƙasar don hukuncin kotun Kano ba zai taɓa asusunsu ba. A rubuta ƙarara ba za su buga wa wani irin kayanka ba, ba za su tsallake ka su nemi kwastomominka ba, sannan ƙarfen zubi da ka biya kuɗinsa naka ne duk ranar da ka so ɗauka.

Abokin nawa dai da lauya ya lissafa masa kuɗin shari'a sai ya haƙura ya sayi sunan nasa a hannunsu, ƙarfen zubin kuwa har yau yana can.