Yadda za ka tsara allon shago da ido zai tsinto a cunkoson kasuwar Kejetia ta Kumasi

Mai wucewa a trotro, wato ƙaramar motar haya, ba ya bin allonka harafi-harafi. Tsakiyar ido, wadda ke gani tar-tar, abin da take kamawa bai wuce faɗin farcen babban yatsanka ba idan ka miƙe hannu. Sauran aikin na gefen ido ne, shi kuwa haske da duhu da fasali ya fi kamawa. A 1977 wani mai bincike, David Navon, ya nuna wa mutane babban harafi da aka jera da ƙananan haruffa, ya tarar babban suke fara ganewa.

Don haka ka zaɓi kalma ɗaya, misali TELA ko WAAKYE (shinkafa da wake), ka ba ta girma. Masu rubutun allo kan ba harafi tsayin santimita 2.5 a kan kowace mita 3 ta nisa. Mai hangowa daga mita 30 yana buƙatar santimita 25 ke nan.

Batun launi, bambancin haske da duhu za ka nema. Ja a kan kore yana ɗaukar ido a kusa, amma in duhunsu ɗaya ne, daga nesa sai bakin harafi ya narke. Ɗauki hoton allon da waya ka mayar da shi baƙi da fari. In kalmar ta dushe, sake fenti.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne cusa kaya: lambar waya uku, hoton keken ɗinki, addu'a, sunan yaro. Wani mai binciken gani, Herman Bouma, ya nuna a 1970 cewa harafin da ake gani da gefen ido yana cakuɗewa da maƙwabtansa, kuma cakuɗewar tana kaiwa kusan rabin tazarar da ke tsakaninsa da inda ido ya kafe. Wato in mutum yana kallon wani abu mita 2 daga kalmarka, duk tarkacen da ke cikin mita 1 da ita na iya rikita ta. Ba za ka iya korar lemar maƙwabci ba, amma za ka iya barin fili babu komai kewaye da kalmar, ka sauke lambar waya can ƙasa.

Haruffa su zauna a layi ɗaya, tazararsu daidai, domin ido yana haɗa abin da ya jeru. Rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe, bar wa katin biki.

Kafin a kafa allon, jingina shi inda zai zauna, tsallaka titi, ka ƙanƙance ido har komai ya yi dishi-dishi. Gwada da rana tsaka, ka sake gwadawa bayan magariba.