Kurakuran da aka fi yi wajen ganin likitan ciki kan ƙwannafi da wahalar haɗiya

Babban kuskure shi ne a yi wa kowane ciwon ciki kuɗin goro a ce olsa ce, a yi ta shan omeprazole, maganin rage asid na ciki, wata da watanni. Ƙwannafi yana lafawa da magani, amma abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji ba abin jira ba ne, ko shekarun mutum nawa. Haka rama ba dalili, aman jini, ƙarancin jini, ko kashi baƙi mai yauƙi kamar kwalta. Aman jini da baƙin kashi na sashen gaggawa ne a ranar.

Sai kuma yadda ake bayani. "Ba na iya haɗiya" bai ishi likita ba. Wanda nama da burodi suka fara tsaya masa, daga baya abinci mai laushi ma ya soma gagara, ana zargin maƙoshinsa yana tsukewa ne, ko dai tabon da asid ya bari ko wani ƙari da ya tsiro a wurin. Wanda tun farko ruwa da abinci duka suke tsayawa, an fi duba motsin tsokar maƙoshin. Wanda kuwa yake ƙwarewa da tari da zarar ya kurɓa, ko ruwa ya biyo ta hanci, matsalarsa a sama take, wataƙila ta jijiya. Kowanne da gwajinsa. Kafin ranar ganin likita ta zo, ka riƙa rubuta abin da ka ci, abin da ya tsaya, da inda ka ji shi, ka kuma auna nauyinka.

Mutane da yawa suna mantawa da magungunan da suka saya da kansu. Ibuprofen, diclofenac da asfirin suna jawo gyambon ciki. Doxycycline kuma, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, in aka haɗiye shi da ɗan guntun ruwa aka kwanta, yakan maƙale ya ƙona maƙoshi. Ka zubo kwalayen duka a leda ka tafi da su, har da na gargajiya.

Gwajin ƙwayar H. pylori, wadda ke jawo gyambon ciki, nan ne aka fi asarar kuɗi. Omeprazole da danginsa suna danne ƙwayar, sai gwajin numfashi ko na kashi ya ce babu alhali tana nan. Ana dakatar da su mako 2 kafin gwaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, bisa shawarar likita. In an same ta, a shanye maganin na kwana 10 zuwa 14 ko da an ji sauƙi, a sake gwaji bayan aƙalla mako 4.

Ranar leƙa ciki da kyamara, kada ka ci komai na awa 6 zuwa 8, in ba haka ba a mayar da kai gida. Mai shan maganin hana daskarewar jini irin su warfarin ko clopidogrel, da mai ciwon suga, su faɗa tun ranar da aka ba su lokaci, kada su tsayar da magani da kansu. In za a yi maka allurar sa barci, zo da ɗan rakiya, kuma ba tuƙi sai bayan awa 24.

Wasu da an ce kyamara ba ta ga komai ba sai su daina zuwa, alhali abinci bai daina tsayawa ba. Tambayi likita ko an ɗan tsakuri naman maƙoshi don gwaji, domin akwai kumburin da ido ba ya gani. In an yi, abin da ya rage shi ne hoton da ake ɗauka kana haɗiye ruwan bariyom (wani farin ruwa da ke fitowa a hoton), da awon ƙarfin matsewar maƙoshi.